Ajin da Ba Shi da Malamin Fiziks

Malama, na ji kina cewa za ki nemi a ɗauke ki daga makarantar nan, wai ba ɗakin gwaje-gwaje, ba kayan aiki, yaran kuma ba za su kai labari ba. Zauna tukuna in ba ki labarin waɗansu yara.

A wani garin masunta da ke bakin kogi akwai makarantar jeka-ka-dawo. 'Yan aji shida na ɓangaren kimiyya suna shiga shekararsu ta ƙarshe sai aka yi wa malamin Fiziks canjin wurin aiki, ba a kuwa turo wani ba. Kin san duk mai burin likitanci ko injiniyanci, in ba Fiziks to hanya ta toshe. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa birni, ajin ya rage saura tara. Shugaban makaranta ya tara su ya ce shawararsa su cire darasin daga rajista, su huta da faɗuwa. Sai wata yarinya, 'yar wani mai ɗinkin taru, ta miƙe ta ce, "Malam, a bar mana shi. In mun faɗi, mu muka faɗi." Suka ɗauko littafin suka raba shi babi-babi, kamar yadda iyayensu ke raba kifi in an fito daga ruwa. Wannan ya ɗauki lantarki, wannan zafi, ita yarinyar ta ɗauki motsi, wani yaro mai in'ina, ɗan mai fito da kwalekwale, ya ce a ba shi haske. Kowa ya je ya yi ta fama da rabonsa har ya gane, sannan ya zo gaban allo ya koya wa 'yan'uwa. Abin da ya gagari kowa sai a tara shi, ran Asabar a haye kogi a tambayi malamin wata makaranta. Dalmar taru suka ɗaura a zare suka rataye a reshen tsamiya suna auna lilonta. Tsohon tabarau na kakar ɗayansu suka ciro gilashinsa suna tara hasken rana da shi. Batirin tocila da ɗan ƙwan fitila su ne lantarkinsu.

Ranar takardar ƙarshe ta jarrabawar Fiziks, da aka ce a ajiye biro, ba wanda ya yi ihu a cikinsu, ba wanda ya jefa littafi sama. Suka fito shiru kamar masu dawowa daga gaisuwar mara lafiya. Ba wanda ke tunanin tasa takardar, domin kowa ya san in ya koyar da babinsa a karkace, ba shi kaɗai ya nutse ba, ya tafi da mutum takwas. Yaron nan mai in'ina ya ware gefe ya zauna a gindin tsamiya, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Tambayar haske ta zo da wata siga da bai taɓa nuna musu ba, ga ta da maki mai yawa. 'Yar mai taru ta tsinci kara ta durƙusa a gabansa, ta zana masa a rairayi yadda ta bi da hasken ta cikin gilashi har hoton ya fito a kife. Wani ya karɓi karan ya zana nasa a gefe, wata ma ta zana. Zane ya yi ta haɗuwa da zane, ashe duk amsa ɗaya suka samu. Yaron ya ɗago ya daɗe yana kallon ƙasa, ya buɗe baki zai yi magana, in'ina ta riƙe shi, sai hawaye kawai. Daga nan fa wuri ya kaure. Mai lantarki yana bin kowa yana tambayar amsar da ya samu, mai zafi tana dariya tana share ido da gefen hijabi. Akwai wanda lokaci ya ƙure masa bai gama ba, suka kewaye shi suna ba shi baki.

Jami'in da aka turo daga birni ya sa ido a jarrabawar ya fito zai hau babur ɗinsa, sai ya tsaya yana duban zanen da ya cika ƙasa. Ya ce, "Kai, wane ne malaminku na Fiziks? Ina son in gaishe shi." Yaran suka dubi juna. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna ta kusa da shi, har yatsa ya zagayo kan kowa. Mutumin ya sauke ƙafa daga babur, ya cire hular kwano, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowanne "Malam" ko "Malama".

Da sakamako ya fito, bakwai sun ci, biyu ba su kai ba. Bakwai ɗin ba su watse ba, suka zauna da biyun nan duk tsawon damina har biyun suka sake rubuta jarrabawar suka haye. Har yau in iyayensu suna gyaran taru a bakin ruwa, da labarin ajin nan suke yi wa baƙo alfahari.

To, Malama, waɗannan ko malami ɗaya ba su da shi, naki kuwa suna da ke. Kada ki ce komai sai ke za ki ɗauka, raba musu nauyin ki ga abin da za su yi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.