Bayan Motar Alhaji Maikuɗi

"Malam Buba, ɗaga min bayan motar nan kafin azahar," in ji Iliyasu direba, yana waige-waige. "Ƙara wa sifirin baya fallen ƙarfe ɗaya, kada mai ita ya gane."

Tsohuwar Ofel ɗin Alhaji Maikuɗi ce, bayanta ya durƙushe har yana shafar ƙasa. Tun kaka Iliyasu ke labta mata buhunan gyaɗar 'yan kasuwa daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, alhali Alhaji na kwance a asibiti, ya bar masa makulli amana. Yau za a sallamo shi.

Malam Buba bakanike ya miƙe. Ya shiga rumfa, ya fito da falle biyu sababbi fil.

"Ɗaya na ce, Malam."

"Shi Alhaji biyu ya ce. Tun watan jiya ya aiko da su daga gadon asibiti. Wai gyaɗa da nauyi, hanyar da ramuka, kai kuma ga iyali. Ya ce kada in kira ka, za ka ji kunya."

Iliyasu ya sulale ya zauna kan taya, ya rufe fuskarsa da hula.