Sitiyari a Hammata

Yana kan kujerar mai aski, sitiyari a kan cinyarsa, sai ya jiyo tarin tsohuwar motarsa a titi.

Wata uku ke nan da ya sa bakanike ya mayar da sitiyarin na cirewa, wai tumbinsa ne ke hana shi shiga motar. Gaskiyar magana, autarsa ce ta samu lasin tuƙi, shi kuwa ya rufe ido sai ya hango ta a gadon asibiti. Tun ranar, ko wanka zai shiga, da sitiyarin yake shiga.

"Ka ɗinka masa riga mana," matarsa takan ce, "tunda shi ne babban ɗanka."

Ya leƙa waje. Ga motar tana tafe tana rangaji, ga auta ta ɗaure sifanar kwance taya a gurbin sitiyari, tana murɗawa da hannu biyu.

"Baba, sannu da gadi!" ta ƙwala masa.

Mutumin da ya shekara ashirin bai yi gudu ba ya zabura da rabin aski, tumbi na gaba yana biye, sitiyari a sama.

"Tsaya, uwata! Don Allah karɓi abinki!"