Jiƙon Maɗaci da Allurar Tela

Ka ce da idonka ka ga wanda ya warke? To, gyara zama. An yi wani bakaniken babura, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, wanda ƙishirwa ta saka a gaba, ga fitsari kamar an ɓalle famfo, wando har zamewa yake daga ƙugunsa. Bai tsaya jan jiki ba, cikin mako biyu ya kai kansa asibiti da ƙafarsa. Likita ta ce ciwon sukari ne, amma ba irin na dattawa masu tumbi ba. Jikinsa ne ya juya yana cinye gaɓar da ke sarrafa masa sukari. Ta ce, "Ka taki sa'a ka zo da wuri, da sauran garwashi a murhunka. In ka riƙe allura zai ɗan farfaɗo, har mu rage maka. Amma ka buɗe kunne, lafawa ce, ba warkewa ba." Gogan naka "farfaɗo" kaɗai ya ɗauka, sauran ya bar mata a kan tebur. A bencin asibitin nan ya saba da wani tela sa'ansa mai ciwo irin nasa. Shi telan wata uku aka yi ana turara shi ana cewa jifa ne, sai da ya sheme aka kwaso shi ranga-ranga. Murhunsa toka ce zalla: allura huɗu a yini, babu ragi.

Sukarin bakanike ya kwanta kamar yadda aka faɗa masa, kuma ya kwanta daidai makon da kawunsa ya kawo masa jarkar jiƙon sassaƙen maɗaci daga ƙauye. Shi ke nan, aikin allura, suna na maɗaci! Ya watsar da allura, ya yi kumatu, ya shiga gari yana wa'azin jarka. Ana saura kwana biyar Sallah ya dira shagon tela, ya tarar da shi ya ɗage riga yana soka wa cikinsa allura. Ya ce, "Haba Tela! Yadin mutane ka huda, cikinka ma ka huda? Dube ni, wata biyu rabona da allura." Tela ya ce, "Likita fa ta ce nawa daban ne." Bakanike ya ce, "Daban a gidan wa? In duk muka warke, wa zai ɗumama mata benci?" Ba mugunta ce ta kai shi ba, shi a ransa ceto ya je yi. Tela, wanda ya gaji da huda, ya karɓi jarka, ya ajiye allura. Kwana biyu ya fara amai. Matarsa ta kira bakanike a rikice, ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, ciwon ne ke fita. A ƙara masa kofi ɗaya." Aka ƙara. Rana ta huɗu tela ya kifa a kan keken ɗinkinsa bai sake tashi ba, da rigar Sallar wani rabi a ɗinke. Aka binne shi ranar jajibere.

Bayan wata biyar lafawar bakanike ta ƙare, ya koma asibiti yana layi kamar mashayi. Likita ba ta yi masa faɗa ba, ta dai tambaye shi, "Ina abokinka tela? Ya daina zuwa." Bakanike ya karɓi allurarsa ya fice. Yana nan da ransa har yau, yana gyaran babur, yana soka allura huɗu a yini, kuma in zai je gareji sai ya yi zagaye don kada ya haɗu da matar tela.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi, duka zai sha.