Manomin da Ya Ƙi Dasa Itace

Tanimu, shekara goma sha tara kana zaune a ƙasar mutane, 'ya'yanka uku duk can aka haife su, yau kuma ka zo hutu kana gaya mini wai an ba ka damar neman zama ɗan ƙasa tun bara, amma kana nan kana tunani. Tsoronka kada a gida a ce ka sayar da asalinka. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ni ƙanwar ubanka ce, don haka gyara zama ka ji misali.

Wani manomi ne fari ya koro daga garinsu. Ya yi kudu da matarsa da fartanyarsa, har ya sauka a wani gari na bakin kogi inda ba a jin Hausa. Mutanen garin suka ba shi aron gona, wani faƙo da ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Al'adarsu kuwa a fili take. Baƙo yana shuka abin da zai kwashe a shekara, dawa ko wake ko gyaɗa, amma ba ya dasa itace, domin a wurinsu itace ne shaidar mallaka. In baƙo ya shekara bakwai lafiya, sai dattawa su zo ya dasa itace guda a gonar a gaban idonsu. Daga ranar shi ɗan gari ne, gonar ta zama tasa da ta jikokinsa, aikin gayya da gyaran hanya kuma sun hau kansa kamar kowa. Ba su ce ya bar salla ba, ba su ce ya canza uba ba.

Mutumin nan ba rago ba ne, wannan kam na ba shi. Da ka ya yi ta jidar taki, kwando bayan kwando, har faƙon ya zama gonar da ake tsayawa a hanya ana kallo. Shekara bakwai ta cika, dattawa suka zo da ɗan mangwaro a kasko. Ya yi musu godiya, ya ce shi cibiyarsa tana arewa, da an yi girbin bana zai koma. Girbin bana! Sau uku suna zuwa da kaskon nan, sau uku yana mayar da su da shi, har suka ji kunya suka daina. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Shi kuwa da yamma sai ya je ya miƙe ƙafa a inuwar mangwaron wani baƙo da ya dasa, yana shan inuwar yana yi wa mai ita ba'a, wai ya manta ubansa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk wannan surutu na cibiya da yake yi, ko sau ɗaya bai tuna cewa cibiyoyin 'ya'yansa biyar a bayan bukkarsa aka binne su ba, a ƙasar aro.

Aka yi girbi talatin. Dattawan da suka san shi suka mutu, 'ya'yansu suka yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Sabon mai gari ya zaga gonaki da mutanensa: duk gonar baƙon da ke da itace aka wuce ta, wadda babu aka karɓe. Manomin ya zube yana kuka, yana lissafa guminsa. Mai gari bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baba, nuna mana itacenka." Aka bar shi ya kwashe dawarsa, wannan ce iyakar alfarmar da aka yi masa.

Ya tattara iyali ya yi arewa, gidan da ya shekara talatin yana tinƙaho da shi. Ya tarar 'ya'yan ƙannensa sun raba gonar gado tun tuni, kowa ya yi shinge. Suka yi masa maraba, suka ba shi tuwo kwana uku, a na huɗu suka fara tambayar yaushe zai koma. 'Ya'yansa kuwa in sun buɗe baki da gurguwar Hausarsu sai yara su bi su da dariya. Bayan shekara biyu tsohon ya rasu, aka sa shi kusa da ubansa. Shi dai ya sami abin da yake so, kabari a garinsu. Babban ɗansa ya koma kudu, inda ya san hanya ya san harshe, ya tarar an daina ba da aro. Yana can yana ƙodago a gonar da aka haife shi, wani ke nuna masa inda zai kafta.

To, Tanimu, ba don kai nake wannan faɗa ba. Kai ko gobe aka koro ka, ga ɗakin ubanka. Yaran nan fa, ina za su? Can kaɗai suka sani, kai kuma ka riƙe su da izinin zaman da sai an ga dama ake sabunta maka, don gudun bakin mutanen da ko ruwa ba za su ba su ba ranar da abu ya ɓaci. Wannan ba kishin gida ba ne, son kai ne, kuma a kan 'ya'yanka zai ƙare. Ranar da mai abu ya ce kawo, a tsakiyar kasuwa za ka bar su tsirara, domin Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.