Gaisuwar Akwati

A shekarar da aka hana binne mamaci sai kwamfuta ta ba da izini, Malam Barau ya bar gawar ƙanensa Tanimu a zaure, ya nufi ofishin mai unguwa da hantsi.

Kwamfutar da ke kan tebur ta ƙi kama netwok. Uwani magatakarda ta kashe ta kunna, ta zare waya ta mayar, ta matsar da ita bakin taga. Shiru, kamar an shuka dusa.

"Baba, da ka shigo ka gaishe ta kuwa? Ba ta kamawa sai mai buƙata ya gaishe ta."

"In gaida akwati? Da furfurata? Tir."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Baba."

Rana tana ɗagawa, gawa kuma ba ta yin jira. Ya runtse ido, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe."

Nan take ta kama. Tun ba a faɗa mata wanda ya rasu ba, ta ce, "Malam Barau, ya haƙurin Tanimu?"

Ya karɓi takardarsa. Sai da ya kurkure baki sau uku kafin ya sallaci ƙanensa.