Gaiwa ta Huɗu

In Gulbin Maradi ya ƙafe da rani, gaiwa kan shige cikin laka ta jira damina. Wata rana, kusa da Jiratawa, Baba ya tono uku. Da ya iske ta huɗu, sai ya mayar mata da laka da tafin hannunsa.

"Wagga ta gulbi ce, yaro. Bar mishi iri."

Ya tafi sallar la'asar, ya bar ni gadi. Na tone ta, na gasa, na cinye. Da ya dawo ya ga ramin, ya kamo hannuna ya shinshina. Bai doke ni ba. Ya ce, "Ashe ba a ba ka amana."

Bai ƙara zuwa gulbi da ni ba har ya rasu. Yau na fi shi shekaru, kuma ban taɓa neman gafararsa ba.