Kafofin Ɗakin Baba

Motar haya ta kusa fita daga Soweto lokacin da wata matashiya a cikinta ta tuna da kaskon garwashin.

"Direba, tsaya, sauke ni nan."

"'Yar'uwa, har cikin gari fa kika ce. Ko saurayi kika manto?"

Ta dira ta kwasa da gudu. Yau ce ranar tunawa da jagoran da ya raba su da mulkin wariyar launin fata, ranar da kowa ke ba wani minti sittin da bakwai na taimako. Ita da abokan aikinta ɗakin kwanon wani dattijo suka zaɓa. Suka liƙe kowace kafa saboda sanyin hunturu da ake yi a ƙasar a watan Yuli, har ta saman ƙofa, aka yi hoto, aka watse. Shi kuwa da garwashi yake ɗumama ɗaki da zarar rana ta faɗi, kuma garwashi a ɗakin da ba iska kashe mutum yake yi cikin barci.

Ga rana tana faɗuwa. Ta banki ƙofar ɗakin dattijon da kafaɗa, ta faɗa ciki tana haki.

Yana tsaye a kan kujera yana ɓamɓare liƙin da cokali. Garwashin ko hura shi bai yi ba.

"Baba, ashe ka sani? Me ya sa ba ka hana mu ba?"

"'Yata, kuna ta waƙa kuna dariya, in tsayar da ku? Ni ba ni da abin ba kowa yau." Ya miƙo mata wani cokalin. "Sai na ba ku nawa mintocin, na bar ku kuka gama."